Tagwayen Madubi a Cibiyar Atam da Matakai Masu Gajeren Rai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban fiziks na nukiliya kan maimaita da zarar sun fara karanta jadawalin matakan makamashi, ko sun fara aiki da na'urar auna hasken gama. A ko'ina cikin shafin, Z na nufin adadin furoton, N adadin nutiron, A kuma jimillarsu. Ana auna makamashi da keV da MeV, inda MeV 1 yake keV 1000. Fikosakan ɗaya shi ne sakan 10⁻¹², femtosakan kuma sakan 10⁻¹⁵.

1. Mene ne tunzurarren mataki a cibiyar atam?

Cibiyar atam ba ta karɓar makamashi yadda aka ga dama. Tana da matakai ƙayyadaddu, kowanne da adadin makamashinsa, da juyinsa J, da faritinsa, wato alamar + ko −. Na can ƙasa shi ne matakin tushe, inda cibiyar ke zaune idan ba a taɓa ta ba. Duk wanda ke sama da shi tunzurarren mataki ne, kuma ana kai cibiya can ta hanyar karo da wata cibiyar, ko haɗiye nutiron, ko bayan rushewar beta.

Kobal-60 da ake daidaita na'urori da shi a kowane ɗakin gwaji misali ne na kusa. Idan ya yi rushewar beta, yakan bar nikel-60 a mataki na 2505 keV. Daga nan cibiyar ta sauko sau biyu, ta saki gama na 1173 keV, sannan na 1332 keV. Ƙololuwa biyun da waɗannan gama ke yi a zanen makamashi a allon kwamfuta tazarar matakan nikel ce, ba ta kobal ba.

2. Idan an ce gajeren rai, wane irin gajarta ake nufi? Me ke tsayar da shi?

Yawancin matakan da ke saukowa ta hanyar gama suna rayuwa tsakanin femtosakan kaɗan zuwa nanosakan kaɗan. Rabin ran matakin 1332 keV na nikel-60 bai kai fikosakan ɗaya ba. Abubuwa uku ne ke tsayar da tsawon ran. Na farko makamashin gaman: idan ya yi yawa, saukowa ta yi sauri. Na biyu yawan juyin da gaman zai ɗauke, wanda ake rubutawa L, shi ya ba da sunayen E1, M1, E2 da sauransu, inda lambar take L, E na nufin na lantarki, M na maganaɗisu. Saurin saukowa yana tafiya da makamashi a ƙarfin 2L+1, kuma ƙarin mataki ɗaya a L na iya tsawaita rai ninki dubbai. Na uku shi ne kamannin tsarin matakin sama da na ƙasa, kuma shi ne ainihin abin da mai bincike ke nema.

Idan gibin juyi ya yi yawa, makamashi kuma ya yi kaɗan, sai mataki ya maƙale ya zama aisoma. Tekniciyom-99m da asibitoci ke ɗaukar hoton jiki da shi yana da rabin rai na awa 6. Tantalom-180m kuwa har yau ba a taɓa ganin ya sauko ba.

3. Mene ne bambancin rabin rai, matsakaicin rai da faɗin mataki?

Rabin rai shi ne matsakaicin rai τ sau 0.693. Jadawalai kan ba da rabin rai, takardun bincike kan ba da τ, kuma haɗa su ba tare da lura ba yana jawo kuskuren kashi 30 zuwa 44 cikin ɗari, ya danganta da wanda aka ɗauka a matsayin wane. Faɗi Γ kuwa ya fito ne daga ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg: Γ sau τ daidai yake da 6.58×10⁻¹⁶ eV·sakan. Mataki mai τ na femtosakan ɗaya faɗinsa 0.66 eV ne, wanda babu na'urar auna gama ta jamaniyom da za ta iya gani. Amma matakin da zai iya tofar da furoton ko nutiron yakan kai faɗin keV ko fiye, sai a auna faɗin kai tsaye a lissafo ran daga gare shi. Akwai misali a tambaya ta 8.

4. Su wane ne tagwayen madubi?

Cibiyoyi biyu ne masu A ɗaya waɗanda Z na ɗaya shi ne N na ɗayan. Tiritiyom (furoton 1, nutiron 2) da hiliyom-3 (furoton 2, nutiron 1) su ne mafi sauƙi. Sai litiyom-7 da beriliyom-7, kabon-13 da naitirojin-13, oksijin-17 da fulorin-17, kalsiyam-41 da sikandiyom-41. Ba dole gibin ya zama ɗaya ba: ƙarfe-54 (26, 28) da nikel-54 (28, 26) su ma tagwaye ne. Cibiya mai N daidai da Z, irin kabon-12, ita ce madubin kanta. Babu tagwayen da dukkansu biyu tabbatattu ne, ko da yaushe aƙalla ɗaya yana rushewa, kuma daga nan wahalar aikin take farowa (tambaya ta 11).

5. Me ya sa ake sa ran su yi kama?

Saboda ƙarfin nukiliya da ke ɗaure cibiya kusan bai bambanta furoton da nutiron ba. Nauyin furoton 938.272 MeV ne, na nutiron 939.565 MeV, gibin bai wuce kashi 0.14 cikin ɗari ba. A 1932, shekarar da Chadwick ya gano nutiron, Heisenberg ya kawo shawarar a ɗauke su a matsayin fuska biyu na ƙwaya ɗaya, kuma a 1937 Wigner ya gina lissafin da ake kira aisosifin a kai. Idan jan da ke tsakanin furoton biyu daidai yake da na tsakanin nutiron biyu, to musanya dukkan furoton da nutiron ba zai sauya jerin matakai ba: juyi iri ɗaya, fariti iri ɗaya, tazara kusan iri ɗaya.

Abin da ke hana daidaiton cika shi ne caji. Furoton na tunkuɗe juna da ƙarfin Kulom, nutiron ba sa yi. Amfanin wannan fanni duka yana nan: tunda mun san ƙarfin Kulom sarai, za mu iya cire rabonsa, abin da ya saura kuma ya gaya mana wani abu game da siffar cibiyar ko game da ƙarfin nukiliya kansa.

6. A nuna mini misali ɗaya da lambobi.

Litiyom-7 da beriliyom-7 duk suna da tushe mai juyi 3/2−, matakin farko kuma 1/2−. A litiyom yana 478 keV, a beriliyom 429 keV. Duk biyun suna saukowa da gama irin M1. Matsakaicin ran na litiyom kimanin femtosakan 105 ne, na beriliyom kimanin 190.

Wanda ya kalli 105 da 190 zai ce ai kusan ninki biyu ne, ina daidaiton? Sai an cire rabon makamashi tukuna. M1 yana tafiya da makamashi a ƙarfin 3, kuma (478/429)³ ya ba da 1.38. Idan ka raba 1.8 da 1.38, abin da ya rage kimanin 1.3 ne. Wannan ragowar ma an san tushenta: maganaɗisun furoton da na nutiron ba su zo ɗaya ba a girma, saboda haka ana sa ran M1 masu ƙarfi a tagwaye su kusanci juna ne kawai, ba su yi daidai cif ba.

7. Idan tsarinsu ɗaya ne, me ya sa ɗaya ke rushewa ya koma ɗan'uwansa?

Jerin matakan ne ya yi kama, amma dukkan jerin mai yawan furoton an ɗaga shi sama da kuɗin tunkuɗar Kulom. Gibin makamashin ɗauri tsakanin tiritiyom da hiliyom-3 764 keV ne. Tsakanin kabon-13 da naitirojin-13 ya kai 3.00 MeV, tsakanin oksijin-17 da fulorin-17 3.54 MeV, tsakanin kalsiyam-41 da sikandiyom-41 kuma 7.28 MeV. Da zarar gibin ya wuce 782 keV, wato rarar nauyin nutiron a kan atam ɗin haidirojin, mai yawan furoton ne zai rushe ya koma ɗan'uwansa. A A = 3 gibin bai kai haka ba, shi ya sa tiritiyom ne ke rushewa, hiliyom-3 ya tabbata.

A 1969 Nolen da Schiffer suka tattara waɗannan gibi suka gwada su da lissafin Kulom da aka yi da girman cibiyoyi da aka auna. Lissafin ya riƙa gazawa da kashi kaɗan cikin ɗari, kusan 5 zuwa 10, a ko'ina, kuma ko da yaushe ta ɓangare ɗaya. Wannan giɓi har yau yana ɗauke da sunansu, kuma yana cikin hujjojin farko cewa ƙarfin nukiliya kansa yana ɗan karkata (tambaya ta 16).

8. Me ya sa matakin farko na kabon-13 da na naitirojin-13 suka yi nisa har fiye da 700 keV?

Matakin 1/2+ yana 3089 keV a kabon-13, amma 2365 keV a naitirojin-13, alhali matakin 3/2− da ke biye da shi bai goce haka ba. Dalilin shi ne ƙwayar ƙarshe tana zaune ne a zagaye irin s, wanda ba shi da shingen juyi da zai tsare ta a ciki. A kabon-13 nutiron ɗin yana ɗaure sosai. A naitirojin-13 kuwa 1944 keV ya isa a cire furoton, ke nan matakin ya haura bakin fita da kusan 420 keV. Furoton ɗin sai ya bazu can waje da sauran cajin, tunkuɗar da yake ji ta ragu, matakin ya sauko. Ehrman a 1951 da Thomas a 1952 ne suka yi bayanin wannan, shi ya sa ake kiransa gocewar Thomas-Ehrman.

Faɗin matakin a naitirojin-13 kimanin 32 keV ne, wato τ na kusan sakan 2×10⁻²⁰, domin furoton ficewa yake yi kawai. Ɗan'uwansa a kabon-13 sai ya jira gama, ransa kusan femtosakan ɗaya da rabi. Wannan matakin ne kuma ke buɗe ƙofar haɗuwar kabon-12 da furoton, tashar farko ta zagayen CNO (kabon, naitirojin, oksijin) da ke ƙona haidirojin a cikin taurari. Doka ta aiki: duk lokacin da ka ga babban gibi tsakanin tagwaye, fara duba nisan matakin da bakin fitar furoton da kuma ko zagayen s ne ko p, kafin ka kira shi karyewar daidaito.

9. Idan tsawon ran matakai biyu ya bambanta, daidaito ya karye ke nan?

A'a. Abin da ake kwatantawa shi ne ƙarfin sauyi B, wanda aka tsarkake daga rabon makamashi. Ga E2, B a ma'aunin e²fm⁴ (e cajin furoton, fm kuma mita 10⁻¹⁵) daidai yake da 816 a raba da (E⁵ × τ), inda E ke cikin MeV, τ cikin fikosakan. Idan mataki yana da hanyar sauka fiye da ɗaya, sai an raba τ da kason reshen da ake magana a kai. A ƙananan makamashi kuma dole a gyara da kason da ilektiron ke ɗauke makamashin a madadin gama.

Ɗauki matakin 1/2+ na oksijin-17, 871 keV da rabin rai na fikosakan 179, da na fulorin-17, 495 keV da fikosakan 286. A ido sun yi kusa. Amma (871/495)⁵ ya kusa 17, saboda haka B na fulorin ya ninka na oksijin sau goma. Duk da haka babu abin mamaki. E2 motsin caji yake aunawa: a fulorin-17 furoton mai caji ne ke tsalle, a oksijin-17 nutiron ne, wanda sai dai ya ɗan ja furoton na ciki. Ƙari a kan haka, furoton ɗin fulorin a wannan mataki da 105 keV kacal yake ɗaure, ya bazu nesa. Aisosifin bai taɓa cewa E2 na tagwaye zai zo ɗaya ba. Abin da ya ce shi ne, a jerin cibiyoyi uku masu A ɗaya, girman sauyin zai hau layi miƙaƙƙe (tambaya ta 15).

10. To wane sauyi ne gwaji mai tsabta?

E1. A cibiya mai N kusa da Z, furoton yana shiga E1 da caji kusan +½, nutiron da kusan −½, saboda tsakiyar nauyin cibiyar ba ta motsi. Musanya su alama kawai yake juyawa, alama kuma tana ɓacewa idan aka ninka adadi da kansa. Don haka ya kamata B(E1) na tagwaye su zo ɗaya, kuma a cibiya mai N = Z an hana E1 tsakanin matakai masu aisosifin ɗaya.

An samu inda hakan bai tabbata ba. A 2004 aka nuna cewa matakin 7/2− na agon-35 yawanci ta E1 yake sauka zuwa 5/2+, alhali a kulorin-35 wannan reshe ya kusa ɓacewa, M2 zuwa tushe ne ya rinjaya. A 2009 an auna makamancin haka a asenik-67 da seleniyom-67 da na'urar Gammasphere. Sai dai a yi hattara: E1 na ƙananan matakai raunana ne ƙwarai, sau da yawa kashi ɗaya cikin dubu goma ko ƙasa da haka na ƙiyasin Weisskopf, wato ƙarfin da ake sa rai idan furoton ɗaya ne ya yi tsalle, domin manyan ɓangarori ne ke soke juna. A irin wannan hali ɗan gauraye ƙanƙane yana iya ninka sakamako. Wannan ne ya sa E1 ya zama ma'auni mai kaifi, shi ne kuma ya sa fassara shi ke da wuya.

11. Yaya ake samar da ɗan tagwayen mai yawan furoton?

Hanya ta farko ita ce haɗa cibiyoyi biyu masu N = Z. Idan aka harba silikon-28 a kan magniziyom-24, sukan narke su zama ƙarfe-52 mai zafi, wanda ke huce kansa da tofar da ƙwayoyi. Furoton biyu da nutiron ɗaya suka fita, an samu kuromiyom-49. Furoton ɗaya da nutiron biyu, an samu manganis-49. Kyawun hanyar shi ne tagwayen biyu suna fitowa a gwaji ɗaya, da na'ura ɗaya, kurakurai da yawa sai su soke juna. Matsalarta ita ce a wannan yanki tofar da nutiron yana da tsada, mai yawan furoton yakan fito ƙasa da ɗan'uwansa sau ɗari ko fiye. Gamansa yana nutsewa cikin na sauran, sai an kewaye wurin da na'urorin kama nutiron da na ƙwayoyi masu caji, ko a tace cibiyoyin da injin rarrabe nauyi irin FMA na Argonne ko MARA na Jyväskylä a Finlan.

Hanya ta biyu ita ce farfasa cibiya mai gudu, a zaɓo gutsuren da ake so a jefa shi kan faranti na biyu. Haka ake yi a RIKEN na Japan, GSI na Jamus, GANIL na Faransa da FRIB na Jami'ar Jihar Mishigan da ya fara aiki a 2022. A nan ana tantance kowace cibiya ɗaya bayan ɗaya, amma gudunsu yakan kai kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na gudun haske, sai an san daidai inda gama ya bugi jamaniyom kafin a gyara makamashinsa. Don haka aka ƙera AGATA a Turai da GRETINA a Amurka.

12. Yaya ake auna fikosakan alhali babu agogon da ya kai haka?

Agogon lantarki yana aiki har wani iyaka. Lu'ulu'un LaBr₃ suna auna tazarar gama biyu kai tsaye daga nanosakan zuwa kusan fikosakan goma. Ƙasa da haka sai a mayar da lokaci ya zama tazara. Gaman da cibiya mai gudu ta saki yana sauya makamashi, kamar yadda hon ɗin mota ke ƙara kaifi idan ta tunkaro ka. Da gudun kashi 2 cikin ɗari na haske, gama na 1000 keV zai bayyana a 1020 keV ga na'urar da ke gaba, jamaniyom mai kyau kuma yana rarrabe keV 2.

A na'urar fulanja, ana miƙe falle biyu suna fuskantar juna: siririn farantin hari, yawanci miligiram ɗaya ko ƙasa da haka a kowane santimita murabba'i, da fallen zinari mai kauri da zai tsayar da cibiyar. Wadda ta sauko tana cikin tafiya ta ba da ƙololuwa gotacciya, wadda ta isa zinari ta tsaya ta ba da ƙololuwa a wurinta. A wannan gudu cibiya na cin maikuromita 6 a fikosakan ɗaya. Idan τ fikosakan 10 ne, a tazarar maikuromita 60 kashi 37 cikin ɗari ne za su isa zinari ba su sauko ba. Ana maimaita awon a tazara daban-daban, galibi shida zuwa goma sha biyu.

Inda aiki ke lalacewa sananne ne. Zafin harbi yakan kumbura falle ya sauya tazara, shi ya sa ake lura da ita ta hanyar auna ƙarfin ajiye caji tsakanin fallayen biyu, injin fiyezo yana gyarawa nan take. Ƙura ɗaya tak tana hana fallaye kusantar juna. Mafi muni shi ne ciyarwa daga sama: matakin da kake aunawa yana cika ne daga wasu matakai masu nasu jinkirin, sai τ ya fito fiye da gaskiya. Maganinsa shi ne a zaɓi aukuwar da gaman da ke ciyar da matakin kai tsaye ya fito a gotacciyar ƙololuwa, sannan a duba rabon na ƙasa. Ƙungiyar Jami'ar Kolon ta Jamus ce ta daidaita wannan hanyar lissafi.

13. Femtosakan fa?

A femtosakan 10 cibiyar ba ta ci ko kashi ɗaya cikin goma na maikuromita ba, babu fallen da za a jera haka. Sai a manna farantin hari a jikin zinari ko dalma, a bar raguwar gudun ta zama agogo. Cibiya takan tsaya cikin kusan fikosakan ɗaya. Mataki mai gajeren rai yana saukowa tun tana da cikakken gudu, mai ɗan tsawo sai ta rage, siffar ƙololuwar ce ke ba da τ. Ana kiran hanyar DSAM.

Raunin hanyar shi ne dogaro da sanin yadda ƙarfen ke rage gudun cibiya. Jadawalai irin na SRIM suna iya kaucewa da kashi 10 cikin ɗari ko fiye a ƙananan gudu, kuma kuskuren yana shiga τ kai tsaye. Idan akwai ɗan rata tsakanin farantin da zinarin, ko farantin ya yi tsatsa, lissafi ya tashi. Ga tagwaye akwai sauƙi ɗaya: Z ɗinsu ya kusa, gudunsu ɗaya, saboda haka rabon τ biyun ya fi kowannensu tabbas. Wanda ya kwatanta τ da aka auna a ɗakuna biyu da zinari daban-daban ya yar da wannan sauƙin.

14. Me ake koya daga gibin keV goma-goma a manyan juyi?

Kalsiyam-42 shi ne kalsiyam-40 da ƙarin nutiron biyu, taitaniyom-42 kuma da ƙarin furoton biyu. Matakin 6+ yana 3189 keV a na farko, 3043 keV a na biyu. Furoton biyu da suka haɗu a juyi 0 suna yawan kusantar juna. Idan suka jera juyinsu zuwa 6 sai su nisanta, tunkuɗa ta ragu, matakin ya sauko da 146 keV. Da wannan ma'auni ake gane ko furoton ne ko nutiron suka fara jeruwa idan cibiya irin kuromiyom-49 tana juyawa da sauri. Amma a 2+ gibin ya juya: 1556 keV a taitaniyom, 1525 keV a kalsiyam. Kulom kaɗai bai ba da wannan ba. A 2002 Zuker da abokan aikinsa suka nuna cewa sai an ƙara wani ƙarfi na kusan 100 keV da hannu kafin lissafi ya dace da awo a wannan yanki, kuma asalinsa yana cikin abubuwan da ake ci gaba da bincike.

Aisoma 10+ na ƙarfe-54 da nikel-54 sun nuna wata fuskar. Makamashinsu 6527 da 6457 keV, amma rabin rai nanosakan 364 da 152. Na nikel ya fi gajarta ne domin yana da ƙofar da ɗan'uwansa ba shi da ita: yana iya tofar da furoton ya koma kobal-53.

15. An taɓa samun inda daidaiton ya karye a fili?

Akwai da'awa biyu da suka ja hankali. A 2020, gwaji a ɗakin bincike na NSCL a Mishigan ya nuna tushen sitirontiyom-73 yana da juyi 5/2−, alhali na buromin-73 1/2− ne. Kafin nan naitirojin-16 da fulorin-16 ne sanannen misali, kuma shi gocewar Thomas-Ehrman ta bayyana shi. Sai dai a buromin-73 akwai matakin 5/2− a 27 keV kacal sama da tushe. Gocewar keV talatin, wadda ba komai ba ce a tambaya ta 14, ta isa ta juya jerin. A ganinmu wannan musanyar wuri ce tsakanin matakai biyu maƙwabta, ba rushewar ƙa'ida ba.

Ta biyun ta fi nauyi. A 2021 aka auna ƙarfin E2 na kiripton-70 a RIKEN aka jera shi da na buromin-70 da seleniyom-70. Na kiripton ya haura layin da sauran biyun suka zana, abin da ke nuna siffarsa na iya bambanta da ta seleniyom-70. Kaucewar kimanin ninki uku ce na kuskuren awo. Ta isa a ɗauke ta da muhimmanci, amma tana bukatar awon τ kai tsaye da fulanja kafin a rufe magana.

16. Ƙarfin nukiliya kansa yana bambanta furoton da nutiron?

Ƙwarai, amma kaɗan. Tsawon warwatsuwa, wato ma'aunin ƙarfin jan ƙwayoyi biyu idan suka yi karo a hankali, na furoton biyu, bayan an cire Kulom, kimanin −17.3 fm ne, na nutiron biyu kimanin −18.9 fm, na furoton da nutiron a irin wannan hali −23.7 fm. Waɗannan lambobi suna kumbura bambanci sosai, ainihin gibin ƙarfin tsakanin furoton biyu da nutiron biyu kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Tushensa shi ne kwak, ƙwayoyin da furoton da nutiron suka ƙunsa: kwak d ya ɗan fi kwak u nauyi, cajinsu kuma ya bambanta. Daga 764 keV na tambaya ta 7, lantarki da maganaɗisu suna bayyana mafi yawa, ragowar keV goma-goma kuma daga nan take.

17. Wa ke amfani da wannan ilimi?

Masu nazarin taurari su ne kan gaba. Haɗuwar oksijin-15 da alfa (cibiyar hiliyom-4), wadda ake ganin tana buɗe hanyar fashewar hasken X a saman tauraron nutiron, ta rataya ne a kan mataki ɗaya na neyon-19 a 4.03 MeV. Shekaru da yawa ana aro halayensa daga ɗan'uwansa na 3.91 MeV a fulorin-19 tabbatacce, kafin a auna ransa da DSAM a Notre Dame da TRIUMF na Kanada, aka same shi kusan femtosakan goma. A TRIUMF an dasa hiliyom-3 ne cikin fallen zinari aka harbe shi da neyon-20. Aro daga madubi yana da kyau ga juyi, fariti da faɗin gama, amma makamashi dole a auna shi a cibiyar kanta, domin gibin keV kaɗan kusa da bakin fita yana sauya saurin haɗuwa ƙwarai.

Masu gwada ƙa'idar ƙananan ƙwayoyi su ma sun dogara da shi. Daga rushewar beta tsakanin matakan 0+ irin na oksijin-14 da kobal-54 ake fitar da adadin Vud, ma'aunin ƙarfin sauyi tsakanin kwak u da d, kimanin 0.9737, kuma sai an gyara kowace rushewa da kason karyewar aisosifin, wanda ke kai wa kashi ɗaya cikin ɗari ko ɗan fiye a masu nauyi. Awon tagwaye ne ke tantance ko lissafin da ya ba da gyaran abin dogaro ne.

18. Ɗalibi a Afirka zai iya taɓa wannan aiki da hannunsa?

Babban wurin irin wannan bincike a nahiyar shi ne iThemba LABS kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, mai injin saikulotiron da jerin jamaniyom na AFRODITE. A Najeriya, riyakta NIRR-1 ta Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ana amfani da ita wajen tantance sinadarai da na'urorin jamaniyom, kuma daidaita na'ura da karanta ƙololuwa da ake koya a can shi ne harsashin duk abin da aka faɗa a sama.

Akwai gwajin da ɗakin da ke da jamaniyom da tushen nutiron na Am-Be (amerisiyom da beriliyom) zai iya yi, bisa izini da kariyar da doka ta tanada. A rage gudun nutiron da kakin farafin, a sa boron a gaba. Boron-10 yakan haɗiye nutiron ya rabe zuwa alfa da litiyom-7, kuma kashi 94 cikin ɗari na lokuta litiyom ɗin yana fitowa a matakin 478 keV na tambaya ta 6, da makamashin gudu 0.84 MeV, wato kashi 1.6 cikin ɗari na gudun haske. Tunda τ femtosakan 105 ne, yawanci yana sakin gama kafin ya tsaya, ta kowace fuska, sai ƙololuwar ta baje kusan keV 7.6 hagu da dama, ta yi faɗi mai kafaɗu a maimakon tsini. Siffar tana ɗan sauyawa idan aka canza boron daga ruwan asid zuwa gari mai nauyi, domin saurin tsayawar litiyom ya sauya. A nisanta na'urar daga nutiron masu gudu, suna lalata lu'ulu'un jamaniyom, kuma a lura da ƙololuwar 511 keV da ke kusa wajen cire hayaniyar bango.